Bayan An Ƙure Wasan Bidiyo: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa bin dogon wasan bidiyo har ƙarshe ya san wannan lokacin. Bos na ƙarshe, wato babban abokin gaba, ya faɗi, sunayen waɗanda suka haɗa wasan suna ta hawa a allo, kai kuma kana zaune ba ka san maɓallin da za ka danna ba. Kafin a saya ana yawan tattauna wasa, ana cikin bugawa ma haka, amma abin da ke biyo bayan ƙarewa ba kasafai ake kula shi ba. Ga wasu tambayoyi da masu buga gem kan yi. A sani, zan bayyana yadda wasu wasanni suka ƙare.

Me ya sa nake jin kewa da rashin sukuni bayan na gama, alhali nasara na yi?

Domin abubuwa biyu ka rasa a lokaci guda: aikin yi da abokan zama. Makonni ka yi kana kunna na'ura da sanin inda za ka dosa, taswira na nuna maka, ga aiki na gaba yana jira. Rana ɗaya duk ya ɗauke. Kamar gidan biki ne washegarin da aka watse, an yi farin ciki, amma shirun yana da nauyi.

Ɗauki Red Dead Redemption 2, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2018. Labarin Arthur Morgan ne, ɗan wani gungun 'yan fashi a Amurka ta shekarar 1899. Wasan ba ya barin ka da harbi kawai. Kai za ka goge wa dokinsa jiki, ka ba shi abinci, ka yi farauta ka kai nama sansani, ka aske gemun Arthur idan ya yi tsawo. Tun da wuri akwai wani aiki da za a tura ka karɓo bashi wurin wani talakan manomi, Thomas Downes. Ka dake shi, ya yi maka tarin jini a fuska, ka wuce ka manta. Sai can gaba Arthur ya fara tari, likita ya ce tarin fuka ne. Daga nan kana kallon sa yana ramewa, idanunsa suna faɗawa. A aikin ƙarshe ana harbe dokin, kuma idan kun shaƙu, Arthur zai tsaya cikin ruwan harsasai ya durƙusa ya yi masa godiya. Bayan rasuwarsa wasan ya miƙa ka ga John Marston, abokinsa a gungun, a 1907, da jakar Arthur da littafin da yake rubuce-rubuce a ciki. Wanda ya buɗe wannan littafin ya ga zanen wuraren da shi da kansa ya kai Arthur, idan ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, ba abin kunya ba ne. Da gangan aka gina wasan don haka, kuma an gina shi da gwaninta.

Ai fim ma yana ƙarewa. Mene ne bambancin?

A fim kallo ka yi. A wasa da hannunka aka aikata.

The Last of Us na kamfanin Naughty Dog, 2013, shi ne misalin da ya fi fito da wannan fili. Joel ya ratsa Amurka da yarinya Ellie, wadda cutar da ta halaka duniya ba ta kama ta. Da suka isa asibiti a birnin Salt Lake, ya gano cewa samo maganin na nufin mutuwarta. Sai ya bi ta kan masu gadi ya shiga ɗakin tiyata. Likita ya tare shi da wuƙar fiɗa, kuma wasan ba zai ci gaba ba sai ka kashe shi. Babu wata ƙofa. Daga baya Joel ya yi wa Ellie ƙarya kan abin da ya faru a asibitin, ta ce ya rantse, ya rantse. Shekaru sun wuce ana gardama a kan ko ya kyauta, kuma zafin gardamar ya samo asali ne daga cewa kowa a cikin masu yin ta ya danna wannan maɓallin.

Shadow of the Colossus, wanda Fumito Ueda ya jagoranta a Japan, ya fito a 2005 a PlayStation 2, kuma ya bi wata hanya mai sanyi. An ce ka kashe manyan halittu 16 domin a dawo da ran wata yarinya. Wasunsu ba su kula ka ba sai da ka far musu. Duk wanda ya faɗi, maimakon kiɗan nasara sai ka ji sauti mai ban tausayi, wasu baƙaƙen zarurruka su soke jikin yaron da kake sarrafawa, kamanninsa na ƙara lalacewa. Ba wanda ya ce maka kana aikata ɓarna. Kai ne za ka gane, sau da yawa bayan ka kashe na'ura. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa bai kamata a yi tsalle zuwa sabon wasa a daren da aka gama wani ba.

Ƙarshen ya ɓata min rai. Ke nan wasan ba shi da kyau?

Dakata tukuna, ka ba shi mako guda. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji da aka wallafa a 1993. Mutane sun tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen sun yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu 30 yayin da ake ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawa sun zaɓi mai tsawon, duk da ya fi wahala, saboda ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa kan auna abu da lokacin da ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare, tsawon da ke tsakani kuwa ba ta cika lissafa shi ba.

An ga haka a Mass Effect 3 na kamfanin BioWare a 2012. Tun 2007 mutane ke ɗauke da zaɓe-zaɓensu daga kashi na farko zuwa na uku, sai suka tarar ƙarshen iri-iri ne a suna kawai, babban abin da ya bambanta su launin haske ne, ja ko shuɗi ko kore. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a watan Yunin shekarar. Ƙorafin yana da hujja, an yi musu alkawarin da ba a cika ba. Amma mintuna kaɗan na ƙarshe ba su goge sa'o'in da suka gabace su ba. Rashin adalci ne a jefar da wasa dungurungum saboda ƙarshensa, haka ma yafe masa dogon ɓata lokaci don kawai ya rufe da abin da ya sa ka hawaye.

Ina rufe ido ina ganin wasan. Lafiya kuwa?

Galibi lafiya lau. A 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard ya sa mutane buga Tetris, wasan jera tubala, na sa'o'i, da yawansu suka ce suna ganin tubalan suna saukowa lokacin da barci ke ɗaukar su, har da masu cutar mantuwa da ba su tuna sun buga ba. Yakan wuce da kansa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin cututtukanta a 2019, wato jarabar wasan bidiyo, daban ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma a saba'in ana duba tsawon wata 12. Wanda ya ga kansa a nan, ya nemi likita.

To, me zan tambayi kaina idan na gama?

Ka fara da abin da ya maƙale maka ba tare da ka nemo shi ba. Idan bayan kwana uku babu wuri ko fuska ko magana ɗaya da ta dawo maka, wasan ya debe maka kewa ne kawai, kuma wannan ma aiki ne, sai dai a san matsayinsa. Sannan ka duba yadda ka buga. Inda aka ba ka zaɓi, me ka zaɓa lokacin da ba wanda ke kallo? Ka tausaya ne don ka ji tausayi, ko don ka san akwai lada a gaba? Ba ina cewa wanda ya yi mugunta a wasa mugu ba ne, wani gwaji kawai yake yi. Amma amsar tana da daɗin sani.

Tambaya ta uku ita ce wadda aka fi gudu: nawa ya ci maka? Yawancin na'urori yanzu suna nuna adadin sa'o'in da ka yi. Ka kalli lambar da kyau. Ka tuna ko akwai asubar da ta kuɓuce, ko karatun da aka ɗage, ko kiran iyaye da aka amsa da "ina zuwa" aka yi awa ba a zo ba. Ka kuma raba sa'o'in gida biyu, waɗanda ka ji daɗinsu da waɗanda ka yi kawai don cike taswira ko neman kofi. Manyan wasanni da yawa cike suke da ayyukan da aka cusa don a ce suna da tsawo, kuma sai an gama ake iya bambance su.

Mu da ƙwallo kawai muke bugawa a gidan gem fa? Namu ba ya ƙarewa.

Gaskiya ne. PES, wanda Konami ta mayar da shi eFootball a 2021, da FIFA da ya koma EA Sports FC a 2023, ba su da ƙarshe, haka wasannin harbi na waya da ake yi ta intanet. Tunda babu inda wasan zai ce maka ya isa, kai za ka sanya masa gaɓa: ƙarshen kaka, ko ƙarshen wata, ka tsaya ka yi wa kanka waɗancan tambayoyin. Wani abin kuma, mai biyan kuɗi bisa lokaci ba ya tsayawa kallon labari, tsallakewa yake yi. Shi ya sa da yawa sun yi shekaru suna yawo da CJ, jarumin GTA San Andreas na 2004, sun haddace lambobin samun makamai da motoci, amma ba su san cewa labarin cin amana ne ba, cewa Big Smoke da Ryder, abokansa na unguwa, su ne suka sayar da shi. Wanda ya samu dama ya koma ya bi shi a natse, zai tarar da wasan da bai taɓa bugawa ba.

In sake bugawa daga farko, ko in bar shi?

Ya danganta da wasan. Wasanni irin su Chrono Trigger na 1995 suna ba mutum damar komawa farko da ƙarfin da ya tara, domin ya ga sauran hanyoyin da labarin ke ƙarewa, kuma wasu wasannin sai a zagaye na biyu ake gane alamun da aka shuka tun farko. Amma akwai waɗanda suka mayar da wannan tambayar wani ɓangare na labarin. A Undertale na Toby Fox, 2015, idan ka kai ƙarshe ba tare da ka kashe kowa ba, ka sake buɗe wasan, ɗaya daga cikin halittun zai roƙe ka ka ƙyale su cikin farin cikinsu, kada ka maido da komai baya.

Nier: Automata na 2017 ya fi haka nisa. A ƙarshensa na gaskiya, sunayen ma'aikatan kamfanin ne ke zama abokan gaba suna harbin ka, kuma abin ya yi tsananin da kusan ba mai iya wucewa shi kaɗai. Sai taimako ya zo daga wasu 'yan wasa na duniya, su kewaye ka suna tare maka harsashi. Bayan ka tsallake, wasan zai tambaye ka ko kai ma za ka taimaki wani, da sharaɗin a goge duk abin da ka adana. Zai gargaɗe ka cewa ba ka san wanda za ka taimaka ba, wataƙila ma wanda ba ka so ne. Idan ka amince, a gaban idonka ake share makamanka da ayyukanka ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan biyun, shawarata a bar su yadda suka ƙare. Sauran kuwa, a jira wata shida ko shekara kafin a koma, lokacin da an manta hanyoyin har za a sake jin daɗin neman su.