Abincin ƙugiya yana ɗakin girki: kira ga masuntan Kaduna

Da zarar Kogin Kaduna ya fara ja baya bayan damina, duwatsu suka fito, ruwa ya kwanta a gurabu, sai ka ga masu fatsa sun jeru a bakin gaɓa tun daga Rafin Guza har Kabala da Kudenda. A lokacin ne aikinmu na malaman gona masu kula da harkar kifi yake ƙaruwa, domin lokacin ne wasu ke ɗauko kwalbar maganin ƙwari irin Gamalin ko fiya-fiya su tsiyaya a gurbi cikin dare, gari ya waye kifi ya taso ciki sama. In ka tambayi mai yin haka, amsar ba ta wuce, "Malam, kifin ne ba ya cin ƙugiya." 'Yan'uwana masunta, kifi yana ci. Ba a ba shi abin da yake so ba ne, kuma yawancin abin da yake so yana nan a ɗakin girkin iyayenmu mata.

Zan kafa misali da kifin kaf, wanda Turawa ke kira carp, domin shi ne aka fi sanin halin cinsa. Ba ɗan ƙasa ba ne. A shekarun 1950 aka kawo shi Najeriya daga Turai, aka fara kiwonsa a gonar kifi ta Panyam da ke Filato, kuma har yau an fi samunsa a tafkunan kiwo. A kogunanmu akwai danginsa, waɗanda masunta ke kira farin dumi da baƙin dumi. Kaf a ƙasan ruwa yake kiwo, yana tonon laka da baki. Ba ya dogara da ido sosai. Ƙamshi da ɗanɗano yake bi, kuma gashin bakinsa guda huɗu da leɓɓansa duk suna jin ɗanɗano. Ba shi da haƙori a baki, haƙoransa a maƙogwaro suke, da su yake murƙushe hatsi da dodon koɗi. Yakan zuƙi abu ya ɗanɗana, in bai yi masa ba ya furzar. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa ɗan abin da ake ƙara wa curin tuwo yake sauya sa'ar wuni. Haɗin da ke jan kaf kuwa yana jan karfasa da kurungu, in an ƙara masa ƙarni har da tarwaɗa.

Mu fara da masara. A jiƙa busasshiyar masara awa 24, a tafasa ta kamar minti 30 har ta fara tsagewa, sannan a bar ta cikin ruwan dahuwarta kwana biyu a rufe. Za ta yi ɗan tsami, ruwan ya yi kauri. Kada a zubar da ruwan nan, da shi za a kwaɓa dusar da ake watsawa don tara kifi. Jiƙawa da dafawa ba zaɓi ba ne: busasshen hatsi ko ɗanyen wake yana kumbura a cikin kifi ya cutar da shi, kuma ɗanyen waken suya yana hana shi narkar da abinci. Kifin da ya ci ya tsere ma namu ne na gobe.

Sai aya. Ayar nan da ake sayarwa a kwano a kasuwannin Kawo da Bacci, wadda muke kunun aya da ita, tana cikin abubuwan da masu kama kaf a Ingila suka fi amfani da su. Shirinta kamar na masara ne, jiƙo na awa 24, tafasa na minti 30, sannan a bar ta kwana biyu ko uku har ruwanta ya yi yauƙi da zaƙi. Ko ta dahu tana nan da tauri, kuma wannan ne amfaninta, domin ƙananan kifi ba sa iya tsinke ta. Tunda ƙugiya ba ta shiga cikinta da sauƙi, sai a huda ta da allura, a zura zare, a ɗaure ta tana lilo dab da gindin ƙugiyar, a bar tsinin a waje. Kifi ya zuƙi ayar, ƙugiya ta bi ta. Da ya zo furzarwa sai tsinin ya kama leɓensa na ƙasa. Ina so kowane mai fatsa ya gwada wannan ɗaurin, domin ba ya cin kuɗi, kuma kifin da aka kama ta leɓe ana iya mayar da shi ruwa lafiya in ƙarami ne.

Ga wanda ya saba da curi, ga yadda nake koya wa matasa a bakin ruwa. Gwangwanin madara biyu na garin masara ko tuwon da ya kwana, gwangwani ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli, ƙwai biyu, cokali ɗaya na suga ko zuma, da ɗan gishiri. A murza har ya daina kama hannu, a mulmula ƙanana gwargwadon ƙugiya, a jefa cikin tafasasshen ruwa minti 2, a tsame a shanya a inuwa ya kwana. Ƙwan ne ke sa bayansa ya yi fata, ya daɗe a ruwa bai narke ba. Ƙuli-ƙulin yana sakin mai da ƙamshi a hankali. Mai neman tarwaɗa ya rage suga ya sa daddawa ko garin busasshen kifi. Daddawa tana aiki ne saboda ruɓawar kalwa ta riga ta warware sinadaran gina jiki da ke cikinta, sai su narke a ruwa su bi igiya har inda kifi yake. Tafarnuwa ɗaya da aka daka ta isa wannan haɗin gaba ɗaya. Yawancin masu koyo a nan suke ɓata aiki: su zuba tafarnuwa da yaji da dunƙulen miya da manja duk a curi ɗaya. A sa abu ɗaya ko biyu, a ga yadda ruwan wurin ya karɓa. Lokacin hunturu kifi ba ya ci da yawa, sai a rage mai a rage yawa.

Akwai abin da nake roƙo a kiyaye. Kada a ce tunda kifi za a ba, a kwaso ƙuli-ƙuli ko masara ko gyaɗar da ta yi funfuna. Funfunar nan tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, ta mutum da ta kifi, kuma tafasawa ba ta kashe ta. Haka hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya, da irin shuka mai jan ko koren magani a jikinsa, ba su da wuri a ruwa. Sannan watsa dusa don tara kifi yana da iyaka. Dunƙule biyu ko uku a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, sun fi buhu guda. Abin da kifi bai cinye ba ruɓewa yake yi ya shanye iskar da ke cikin ruwan, musamman a ƙaramin gurbi cikin zafin Maris da Afrilu. In ka ga kifi sun taso sama da asuba suna buɗe baki, ruwan ya gaji, a dakata da zuba komai.

Yanzu mu koma kan kwalbar nan. Sinadarin da ke cikin Gamalin, wato lindan, an sa shi cikin jerin gubobin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta hana tun 2009, kuma dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba ko nakiya ko lantarki. Magimfa ma, duk da ganye ce ta gargajiya, guba ce a idon wannan doka. Amma ni ba tsoron hukuma nake so ya hana ku ba. Lindan ba ya saurin lalacewa, yana taruwa a kitsen kifi, ya shiga jikin wanda ya ci, har cikin nonon uwa. Suya da banda ba sa fitar da shi gaba ɗaya. Yana kawo amai da jiri da jijjiga, kuma yara ya fi yi wa illa. Ba ya zaɓe: uwa mai ƙwai, 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, kwaɗi, duk tafiya suke. Wannan kogin daga shi matatar ruwa ta Malali ke ɗiba, a cikinsa makiyaya ke shayar da shanu, da shi masu lambu ke ban ruwa, kuma shi ne ya gangara har Shiroro. Duk wanda ya ci kifi ya fara amai ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Iyayenmu mata masu saye don suya da banda, kuna da ƙarfi a wannan magana. In aka kawo muku tire cike da kifi iri-iri, manya da 'yan mitsi-mitsi a gauraye, ba tabon ƙugiya ba alamar raga, ku tambayi inda aka kamo su, in hankalinku bai kwanta ba ku bar shi. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta, tun daga Kangimi har Galma, ku kuka san wanda ke fita da dare. Ku kira matasan nan ku zaunar da su, ku kira malamin gona na yankinku, kowa ya zo da mudun masararsa da ayarsa, mu dafa tare a bakin ruwa kafin gurabu su ƙafe.