Balaraba Ramat Yakubu

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu marubuciyar ƙagaggun labarai ce ta Hausa, kuma mai shirya fim. Tana cikin matan farko da suka yi suna a adabin da ake kira littattafan soyayya, wanda ya bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko na mace Bahaushiya da aka fassara cikakkensa zuwa Turanci.

Farkon rayuwa

An haife ta a Kano wajen 1959, wasu kuma kan ce 1958. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban mulkin sojan Najeriya da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Ba ta yi nisa a firamare ba aka cire ta, aka aurar da ita tana da shekara 13 ko ƙasa da haka ga wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Bayan ta dawo gida ne ta shiga makarantar yaƙi da jahilci, ta ƙware a karatu da rubutun boko. Da Hausa take rubutu tun daga nan.

Rubuce-rubuce

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito wajen 1987. Jigonsa namiji mai auri-saki, wanda ya girma amma zuciyarsa ta ƙi girma. Tun daga nan aka gane inda alƙalaminta ya dosa. Yawancin marubutan lokacin kan kai labari ranar ɗaurin aure su tsaya, ita kuwa sai an kai amarya an watse take fara nata. Saboda haka laƙabin "soyayya" bai cika dacewa da aikinta ba.

A 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka fi ɗaga sunanta. Wa Zai Auri Jahila? labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta, saurayin da take so ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka kuma ɗaura mata aure da wani dattijo, Sarkin Noma. Abu ta gudu birni, ta koma karatu, ta tsaya da ƙafafunta. Duk wanda ya san tarihin marubuciyar ba sai an gaya masa inda labarin ya samo asali ba.

Na biyun, Alhaki Kuykuyo Ne, ya ari sunansa daga karin maganar nan, alhaki kuykuyo ne, ubangidansa yakan bi. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai hali amma mai maƙo a gida. Ya auro mata kishiya, Delu, ƙarshe ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci tana ciyar da su, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan arziki. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye shagonsa, Delu ta juya masa baya, sai ga dangi suna matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa: kuɗin cefanen da ba ya isa, habaici a tsakar gida, lissafin uwar da ke neman kuɗin makarantar yara. Ƙarshensa ma bai bar mai karatu cikin daɗi ba, domin macen da ta riga ta iya riƙe kanta ita aka sake ɗora wa haƙuri.

Sauran littattafanta sun haɗa da Wane Kare Ne Ba Bare Ba? da Ina Sonsa Haka da Badariyya.

Raina Kama

Ta kasance cikin jagororin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba. A zamanin, kamfanonin ɗab'i sun ja baya saboda matsin tattalin arziki, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Mata a cikin gidajen aure su ne manyan masu saye, littafi ɗaya ya zaga unguwa hannu da hannu.

Fassara da fim

An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita da kanta ta rubuta kuma ta shirya fim ɗin tarihi Juyin Sarauta.

Suka

Wasu malaman addini da manazarta sun zargi littattafan wannan zamani da ɓata tarbiyya, an kuma kira su adabin kasuwar Kano don a rage musu daraja. Masu kare Balaraba, ciki har da manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Novian Whitsitt, sun nuna cewa daga cikin koyarwar Musulunci take kafa hujjarta kan ilimin 'ya mace da haƙƙin matar aure.