Maɓallan Rabawa a Shafukan Intanet

Maɓallin rabawa ɗan tambari ne da ake sawa a shafin intanet domin mai karatu ya tura adireshin shafin zuwa WhatsApp, Facebook, X, Telegram ko LinkedIn ba sai ya kwafe shi da hannu ba. Sun bazu ne daga 2010, shekarar da Facebook ya ba shafukan waje damar ɗora maɓallinsa na Like, ya kuma fito da tsarin Open Graph, wato alamomin da shafi ke bayyana kanunsa da hotonsa da su.

Yadda ake saka su

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a ɗauko lambar JavaScript, wato ɗan umarnin da burauza ke aiwatarwa, daga kamfanin sada zumuntar ko wani dillali a liƙa a shafi. Ta biyu kuwa mahaɗi ne kawai da mai shafi ke rubutawa da kansa. Na WhatsApp yana farawa da wa.me/?text=, na Facebook da facebook.com/sharer/sharer.php?u=, na Telegram da t.me/share/url?url=, sai a biyo da adireshin shafin.

Ta biyun ta fi. Lambar waje tana janyo fayiloli daga sabar wani kamfani, wato kwamfutar da ke adana fayilolinsa, duk lokacin da aka buɗe shafin, wanda ke cinye datar mai karatu ya kuma rage gudu, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi. Tana kuma aika bayanan baƙo tun bai taɓa komai ba. A kan haka ne Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Yulin 2019, a shari'ar Fashion ID, wani shagon tufafi na intanet a Jamus, cewa mai shafin da ya saka maɓallin Like yana da hannu a alhakin tattara bayanan. Ga kuma rashin tabbas: Google+, dandalin sada zumuntar Google, ya rufe a Afrilun 2019, kamfanin Oracle ya rufe AddThis, mai samar da maɓallan rabawa, a ƙarshen Mayun 2023, shafuka da yawa suka wayi gari da maɓallan da ba sa aiki.

A waya akwai ƙarin hanya, wato umarnin burauza mai suna navigator.share, wadda ke buɗe jerin manhajojin da ke cikin wayar mai karatu. Ba ta aiki sai shafin yana kan HTTPS, wato adireshinsa ya fara da https, kuma sai mutum ya taɓa maɓallin da kansa. Tunda ba kowace burauza ke da ita ba, a bar mahaɗan a matsayin madadi.

Abin da ke fitowa idan an raba

A nan aikin yake. Galibi adireshi kawai maɓallin yake turawa. Kanu, taƙaitaccen bayani da hoton da ke fitowa a tattaunawa, manhajar ce ke zuwa ta karanto su daga kan shafin. Don haka kowane shafi yana buƙatar nasa alamomin Open Graph: og:title, og:description, og:image da og:url. Hoton ya kasance faɗi 1200 da tsayi 630 a ma'aunin fiksel, a matse nauyinsa, domin WhatsApp kan ƙi nuna hoto mai nauyi. Adireshin hoton ya zama cikakke, mai farawa da https, ba guntu ba. Facebook ba ya karɓar rubutun da aka cusa a mahaɗin. Waɗannan alamomi kaɗai yake dubawa.

Matsalolin da aka fi gani

Idan kanun da aka saka a cikin mahaɗin ya yanke a tsakiya, galibi ba a sarrafa rubutun da encodeURIComponent, umarnin JavaScript da ke mayar da rubutu yadda zai shiga adireshi, ba ne. Alamar & ko # a cikin kanu tana katse mahaɗin a daidai wurin. Shafukan Hausa sun fi buƙatar kula da wannan saboda haruffa masu lanƙwasa: ƙ dole ta koma %C6%99 a cikin adireshi, kuma shafin ya bayyana cewa tsarin haruffa na UTF-8 yake amfani da shi, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ su fito a matsayin tarkacen alamomi.

Idan an sauya hoto amma tsohon ya ci gaba da fitowa, Facebook ne ya adana kwafin farko. Ana shiga shafin Facebook na Sharing Debugger a sa shi ya sake karanta shafin. Idan kuma ba a ga komai ba sai adireshi tsirara, a duba ko JavaScript ne ke rubuta alamomin bayan shafi ya buɗe, domin manhajojin da ke zuwa karatu ba sa jiran wannan. Dole alamomin su zo cikin HTML, wato ainihin rubutun shafin, tun daga sabar.

Wuri da girma

Maɓalli uku ko huɗu sun isa, a ƙarƙashin kanu ko a ƙarshen rubutu. Ga masu karatu a Najeriya da Nijar, WhatsApp ya kamata ya zo a gaba. Apple ya ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 44 a ma'aunin allo a kowane gefe, Google kuma 48, tare da tazara tsakaninsu don kada yatsa ya kuskure. Ƙidayar yawan rabawa ba abin dogaro ba ce: Twitter, wato X a yanzu, ya daina bayar da ita tun Nuwamban 2015, kuma sifili a gefen maɓalli ba ya ƙarfafa wa kowa gwiwar rabawa.