Tsohuwar jitar bes ta kamfanin Fender: shekararta nawa, kuma ta asali ce?

Akwai lamba a jikinta, ba shi ke nan ba?

A'a. Kafin 1976 galibi a kan farantin ƙarfen da ke riƙe wuyan jitar Fender ke buga lambar. Duk mai sukundireba zai iya sauya farantin nan.

Mai shago a Sabon Gari ya ce Jazz Bass ce ta 1958.

Ajiye masa kayarsa. Sai 1960 Fender ta fara ƙera samfurin Jazz Bass. Samfurin Precision Bass ne ya riga ta, tun 1951.

To yaya zan gane shekarar?

Sai an buɗe, malam. Sassauta wayoyin, kwance sukurorin, ka zare wuyan a hankali. Galibi akwai kwanan wata a gindinsa, da fensir ko da hatimi, amma wasu ba su da shi. Sannan ka ɗaga murfin ka duba lambar da ke bayan boliyom, wato abin murɗa ƙarar sauti. In ka ga 1376612, to 137 kamfanin CTS ne mai ƙera boliyom ɗin, 66 shekara, 12 mako. Kada ka yi saurin murna: ranar da aka yi boliyom ɗin ke nan, ba jitar ba. Fender ta sayi da yawa a 1966, ta yi shekaru tana amfani da su. Abin da lambar ke gaya maka kawai shi ne jitar ba ta girmi wannan makon ba, shi ma in ba wani mai gyaran rediyo ya taɓa sauya shi ba. Don haka dubi dalmar. Tsohuwa ta dushe, sabuwa tana ƙyalli, sau da yawa an cika ta. Wayar ciki mai rigar zare ta kafin ƙarshen shekarun 1960 ce, daga baya aka koma roba. In wuya, boliyom da lamba sun yi kusa da juna, ko da tazarar shekara guda, ka kwantar da hankalinka. In sun yi hannun riga, mai yiwuwa haɗe-haɗe aka sayar maka, wuyan wata da gangar jikin wata.

Fentin duk ya tsattsage, in kai a fesa sabo?

Kul! Tsohon fenti haka yake yi, balle ya sha hunturun Kano. Ranar da aka fesa sabo darajarta ta faɗi. Goge ta da busasshen ƙyalle, ka daina barin ta a but ɗin mota cikin rana.

An rubuta Japan, jabu ce?

Wa ya gaya maka? Tun 1982 ake ƙera Fender a Japan, kuma aikinsu mai kyau ne. Kuɗin ta Amurka dai kada ka biya.