Shin hasken rana yana ture abin da ya sauka a kansa?

Ɗaliban ajin ƙarshe na lise a nan Yamai, masu shirin jarrabawar bak a fannin kimiyya, sukan tsaya cak idan aka zo darasin foton, wato ƙwayar haske. An koya musu tun da farko cewa ƙarfin turin abu shi ne nauyinsa a ninka da gudunsa, sai kuma rana ɗaya a ce musu haske ba shi da nauyi amma yana turi. Ga tambayoyin da suka fi yi, da amsoshinsu.

Malam, abin da ba shi da nauyi, ta yaya zai ture wani abu?

Dokar nauyi a ninka da gudu gaskiya ce, amma ta abubuwan da gudunsu bai kusanci na haske ba ce: mota, dutse, harsashi. Haske yana da nasa lissafi. Ƙarfin turinsa shi ne makamashin da yake ɗauke da shi a raba da gudunsa, wato p = E/c, kuma gudun nan ya kai kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya.

James Clerk Maxwell ne ya fitar da wannan a lissafi, ya buga shi a littafinsa na 1873. A bayaninsa haske igiya ce mai ɓangare biyu, na lantarki da na maganaɗisu. Idan ya faɗa a kan abu, ɓangaren lantarki yana girgiza ilektron ɗin da ke jikin abin zuwa gefe da gefe. Da zarar ilektron ya fara motsi, ɓangaren maganaɗisu ya samu abin kamawa, sai ya tunkuɗa shi gaba, ta inda hasken ya dosa. Tarin waɗannan ƙananan tunkuɗe-tunkuɗe shi ake kira matsin haske.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Arthur Compton a 1923. Ya haska hasken X a kan ilektron, ilektron ya yi tsalle gefe guda, hasken ya karkata wani gefen da ragowar makamashinsa. Da aka lissafa, abin da hasken ya rasa daidai yake da abin da ilektron ya samu, babu ragi babu ƙari. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel a 1927.

To me ya sa ba ma jinsa, duk da irin ranar da ake yi a watan Afrilu?

Saboda wancan rabawar da gudun haske. Duk lambar da aka raba da miliyan 300, wato mitocin da haske ke ci a daƙiƙa ɗaya, sai ta ƙanƙance. Da tsakar rana, idan sama ta washe, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana karɓar kimanin wat 1,000. A raba da gudun haske, abin da zai fito kimanin kashi 3 ne kawai cikin miliyan na niyuton ɗaya, wato ma'aunin da ake auna turi da shi. Iskar da ke kanmu kullum tana danna wannan murabba'in mita da niyuton sama da 100,000, wato ta ninka matsin haske kusan sau miliyan dubu 30.

A ɗauki filin ƙwallo na dandalin Seyni Kountché, mai faɗin kusan murabba'in mita 7,000. Duk hasken da ke zuba a kansa da azahar, in an tara turinsa, bai kai nauyin giram 3 ba. Dunƙulen sukari ɗaya da ake jefawa a shayi ya fi shi nauyi. Abin da ke sa mutum neman inuwa zafi ne, wato makamashin hasken da fata ta sha. Zafi daban, turi daban, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke cuɗa su a takardar jarrabawa.

Baƙin abu da madubi, wanne haske ya fi turawa?

Madubi, har ninki biyu. Baƙin abu yana shanye hasken ya karɓi turinsa sau ɗaya. Madubi kuwa yana tsayar da shi, sannan ya mayar da shi baya, don haka ya sha turi na biyu.

Akwai wata kwalba mai fikafikai huɗu da ke juyawa idan an ajiye ta a rana. Ba matsin haske ne ke juya ta ba?

A'a, ko da yake wanda ya ƙera ta a 1873, William Crookes, da farko haka ya ɗauka. Kowane fiffike fuskarsa ɗaya baƙa ce, ɗaya mai sheƙi. Da matsin haske ne, fuska mai sheƙi ce za ta fi shan turi, kamar yadda muka gani yanzu. Amma duk wanda ya zuba mata ido zai ga baƙar fuskar ce ke ja da baya. Dalili shi ne ba a zuƙe iskar cikin kwalbar duka ba. Baƙar fuska ta fi ɗaukar zafi, ragowar iskar da ke kusa da ita ta ɗumama, ita ce ke tura fiffiken. Idan aka zuƙe iskar sosai, juyin sai ya tsaya.

Wannan ragowar iska ita ta hana masana auna matsin haske na kusan shekara 30 bayan lissafin Maxwell. Sai wajen 1900 Pyotr Lebedev ya yi nasara a Mosko, sannan Ernest Nichols da Gordon Hull suka auna shi a Amurka a 1901.

Farantan sola fa, ba da turin haske suke ba da wuta ba?

Ba da shi ba. Faranti yana amfani da makamashin foton, wanda ke ɓamɓare ilektron a cikin silikon ya sa shi gudu a waya. Tashar Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, da ta Gorou Banda a bakin Yamai, mai megawat 30, duk a kan haka suke aiki. Haka ma binciken marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa: makamashin rana ya bi, domin a nan arzikin yake. Ga lissafin da ke nuna haka. Kafin haske ya yi turin niyuton ɗaya tak, sai an samu megawat 300. Ko da za a mayar da duk wutar Gorou Banda haske a harba ta wuri guda, turin kimanin nauyin giram 10 kawai zai kai.

In haka ne, ina amfanin sanin abin da bai taka kara ya karya ba?

A doron ƙasa iska da gogayya suna shafe shi. A sararin samaniya babu mai hana shi, kuma ba ya gajiya.

Tun a 1619 Johannes Kepler ya yi hasashen cewa hasken rana ne ke kaɗa wutsiyar tauraruwa mai wutsiya, shi ya sa kullum take ba rana baya, ko tauraruwar tana tunkarar rana ko tana barinta. Ya yi daidai a kan rabi. Wutsiya biyu ce: ta ƙura, wadda matsin haske ke kaɗawa, da ta iskar gas, wadda ɓurɓushin da rana ke fesowa yake ja. Ƙura tana kaɗuwa ne don ƙanƙantarta. Duk yadda abu ya ƙanƙance, nauyinsa ya fi faɗin fuskarsa saurin raguwa, har a kai inda turin haske zai yi gogayya da jan da rana ke yi masa.

A watan Mayu na 2010 Japan ta harba kumbon IKAROS, wanda ya buɗe wani mayafi mai sheƙi, kowane gefe mita 14, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Turin da aka auna a kansa ya ɗan zarce kashi 1 cikin 1,000 na niyuton. Ga kumbo mai nauyin kilo 300 da ɗoriya, wannan na nufin ƙarin gudu na kusan santimita 30 a daƙiƙa kowace rana. Abin dariya ne a ranar farko. Amma in turin ya ɗore shekara guda, ƙarin ya doshi kilomita 400 a awa, ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba. IKAROS ya gifta kusa da Zara a Disambar shekarar.

Wani lokacin ma ceto yake yi. Madubin hangen nesa na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai sunan Kepler ya rasa biyu daga cikin ƙafafu huɗu da ke daidaita masa tsayuwa. Injiniyoyi suka juya shi ta yadda matsin hasken rana zai faɗa daidai a kan farantansa ya riƙe shi, ya ci gaba da neman duniyoyi daga 2014 zuwa 2018.

A cikin taurari lamarin ya fi haka girma, domin matsin haske yana hawa da zafi cikin sauri: in zafi ya ninka sau 2, matsin ya ninka sau 16. A cikin ranarmu matsin gas ne ya rinjaya, amma a manyan taurari haske na iya yin ƙarfin da zai yaye saman tauraron ya watsar.

A nan ƙasa babu inda ake amfani da shi ke nan?

Akwai, a wajen ƙananan abubuwa. A 1986 Arthur Ashkin da abokan aikinsa suka nuna cewa leza, idan aka tattara haskenta a ɗigo guda, tana iya kama ɗan ƙanƙanin abu ta riƙe shi. Ba a jima ba suka kama ƙwayar bakteriya da ranta, suka matsar da ita ba tare da sun kashe ta ba. Da wannan hantsaki na haske masu nazarin halittu suke jan zaren DNA su auna ƙarfinsa. Ashkin ya karɓi Nobel a 2018 yana da shekara 96.

Tocilan da nake haskawa da dare, ita ma tana tura hannuna baya?

Tana turawa. Duk abin da ya fitar da haske ta gefe guda sai ya ja baya ta ɗaya gefen. Hasken wat ɗaya yana ba da turin kusan kashi 3 cikin miliyan dubu na niyuton, don haka hannu ba zai taɓa sani ba. Na'urori kuwa sun gano irinsa. Kumbunan Pioneer 10 da Pioneer 11, da aka harba a 1972 da 1973, sun riƙa rage gudu fiye da yadda lissafi ya ce, har wasu suka fara zargin dokar jan nauyi da kanta. A 2012 aka kammala binciken da ya nuna cewa zafin da kumbunan ke fitarwa a matsayin hasken da ido ba ya gani ya fi fita ta gaba, shi ne yake taka musu birki.