Ƙayar rotifa tana ba mai kiwon kifi labarin ruwansa

Masu ƙyanƙyasar tarwada, ku ba ni aron kunnuwanku. Ɗan kifi idan ya kai kamar kwana 3 da ƙyanƙyashewa, guzurin da ya fito da shi daga ƙwai ya ƙare, dole ya nemi na bakinsa. To, bakin nan ɗan mitsitsi ne. Abin da ya fi shiga cikinsa shi ne wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira rotifa, waɗanda yawancinsu ba su kai rabin milimita ba. Su ne ke yawaita a koren ruwan nan da muke haɗawa da takin kaji, kuma ba sai an kashe kuɗin Artemia, 'yan halittun ruwan gishirin da ake sayen ƙwansu don ciyar da 'ya'yan kifi, ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne rotifa ba ta zama da siffa ɗaya duk shekara. Na sha ɗiga ruwan kududdufi a madubin likita: wani lokaci ka ga wata irin rotifa mai suna Brachionus a dunƙule kamar ɗan tulu, wani lokaci kuma irinta ɗin nan ta fito da dogayen ƙayoyi ta baya, har ka rantse wata halitta ce daban. Wani masani mai suna J. Green ya yi nazarin rotifar kogin Sakkwato tun 1960, ba yau aka fara lura da abin ba.

A ƙasashen sanyi yanayin zafin ruwa na da hannu sosai. Mu nan, abinci da maƙiya ma suna da tasiri. Akwai wata babbar rotifa, Asplanchna, mai haɗiye 'yan uwanta. Da ta yawaita, tana sakin wani sinadari a ruwa, sai uwar Brachionus ta haifi 'ya'ya masu dogon ƙaya da ke maƙale wa maƙiyin a baki. Da yake matan suna haihuwa ba tare da namiji ba, cikin 'yan kwanaki tanki ya sauya kama.

Saboda haka idan aka duba muku ruwa aka ga ƙayoyi sun yi tsawo, ku ɗauka akwai mai cin abincin 'ya'yan kifinku kafin su. Ku zubar da wannan ruwan, ku wanke tankin, ku sake ɗora sabon irin rotifa. Don Allah kada a zuba maganin ƙwari. Kuma kada ku yi ta kwaso busasshiyar lakar tafki ido rufe da sunan iri: ƙwayayen rotifa suna kwana cikinta har damina ta dawo, na Asplanchna ma haka.