Mene ne "detekter", fitilar nan mai kunna kanta?

Duk wanda ya zaga kasuwar Garwa ko ta Marwa, a arewacin Kamaru, a 'yan shekarun nan ya ga fitilun nan masu ɗan faifan sola a ka, da wani farin ƙoƙo kamar rabin ƙwai a ƙasa. Masu haɗa wuta suna ce wa ƙoƙon detekter, daga Faransanci, a jikin kwali kuma za ka ga haruffa uku: PIR. Mutane da dama sun ɗauka ido ne mai ganin mutum. Ba ido ba ne, ba kuma kyamara ba ce. Ɗumi yake ji.

Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37, kullum kuma yana fitar da wani haske na ɗumi da idonmu ba ya kamawa. A cikin ƙoƙon akwai 'yan ƙwayoyi biyu masu jin wannan ɗumin. Muddin abin da suke ji ɗaya ne, fitila tana kashe. Da zarar abu mai ɗumi ya gifta, ɗaya ta riga 'yar'uwarta ji, sai wuta ta kama. Shi kuma farin ƙoƙon tabarau ne na roba da aka yanyanka, ya raba tsakar gida yanki-yanki, don a gane fitar mutum daga wani yanki zuwa wani. Na'urar ba ta aika komai waje, jira kawai take, shi ya sa ba ta cin batir.

Wanda ya gane wannan ya huta da yawancin ƙorafin da ake yi. Ta fi kama mai giftawa a kan mai tunkarar ta kai tsaye, saboda haka a gefen hanya ake kafa ta, a tsayin mita 2 zuwa 2 da rabi. Idan ka zauna shiru kana lazimi za ta mutu, don ɗumin ya daina motsi. Ba ta ji ta bayan gilashi. Akuya da kyanwa kuwa duk mutane ne a wurinta, kar a fuskantar da ita turken dabbobi ko murhu.

Ga abin da kwali ba ya faɗa, kuma shi ya fi shafar mu. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa, Marwa da Injamena yana haura digiri 40, katangar siminti ta sha rana tana huci har bayan isha'i. A lokacin bambancin jikinka da katanga ya ragu, sai na'urar da ke jin ka daga mita 8 a hunturu ta koma sai ka matso kusa. Ba lalacewa ta yi ba, kar a je a yi rigima da mai shago. Ƙurar hunturu ma tana dushe ƙoƙon, tsumma mai laushi ya isa.

Galibi akwai maɓallai biyu ko uku a ƙasanta. TIME na tsawon lokacin da fitila za ta zauna a kunne, LUX na yawan duhun da za ta jira kafin ta fara aiki, SENS na nisan ji.

Sai kuma wadda ake haɗawa da waya, ta manhaja irin su Smart Life ko Philips Hue. A nan detekter daban, ƙwan fitila daban, kai ne za ka ƙulla su da sharaɗi: idan an ji motsi a baranda bayan ƙarfe 11 na dare, a kunna haske kaɗan na minti biyu. Abu ne mai kyau ga tsohon da ke fita alwalar asuba, ba a tashi yara ba, shi ma bai yi tuntuɓe ba. Amma yawancin masu araha ta Wi-Fi suke aiki, sharaɗin kuma sai ya bi ta intanet. Mu nan arewacin Kamaru wutarmu ta dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, idan ruwa ya ja da rani ɗaukewar wuta sai ta yawaita. Wuta ta tafi, na'urar intanet ta mutu, sharaɗi ya bi ta. Na'urori masu amfani da Zigbee, wata hanyar sadarwa daban da Wi-Fi, sun fi dama, tunda suna iya magana da juna a cikin gida, amma su ma akwatin da ke haɗa su yana bukatar wuta.

A ganina, wanda ba shi da batir da inbata a gida ya fara da mai sola mai cin gashin kanta: ɗaya a zaure, ɗaya a hanyar makewayi. Ta biyun ta fi min muhimmanci, musamman da bazara da kunama ke fitowa. Detekter ba zai ji kunama ba, jikinta bai da ɗumin kansa, amma zai ji yaron da ya fito ba takalmi ya haska masa ƙasa.